Anti, lambobina sun ce matan suna jin daɗin aure amma hirarsu kuka ce

Saƙon wannan satin daga wata ɗaliba ya zo, ta roƙi a sakaya sunanta da na makarantarsu, na ɗan taƙaita shi don ya yi tsawo sosai.

"Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibar mastas ce a sashen saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, firojet ɗina a kan ingancin zaman aure ne tsakanin matan garinmu, kuma hanya biyu na haɗa, na raba takardar tambayoyi ga mata 160 sannan na zauna na yi doguwar hira da 14. Ma'aunin Hendrick na auna gamsuwa da zaman tare, mai tambaya 7 da ake ba kowace maki daga 1 zuwa 5, na fassara zuwa Hausa na yi aiki da shi. To da na shigar da amsoshin a SPSS, manhajar lissafi ta kwamfuta, sai na ga kusan kowa 4 da 5 ta zaɓa, wato suna jin daɗin aurensu sosai, amma a wajen hira Anti wallahi ƙorafi ne da hawaye, wata ta ce zaman 'ya'ya take yi, wata ta ce rabon da ya zauna ya yi hira da ita har ta manta. Sufabaizana ya ce hirar tana ɓata min sakamako, ko dai in cire ta gaba ɗaya ko in tsinci maganganun da suka dace da lambobin kawai in saka. Saura sati 6 in miƙa aikin kuma har yanzu ban rubuta ko layi ɗaya a babi na 4 na sakamakon bincike ba. Ga shi ni ma an sa ranar bikina, tunda na fara sauraron rikodin ɗin nan gabana ke faɗuwa, auren ma ya fara ba ni tsoro. Don Allah Anti ya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a karatun da kuma auren da ke tafe. Na karanta saƙonki sau biyu kuma abin da zan fara gaya miki shi ne aikinki bai lalace ba, wannan saɓanin da ya hana ki barci shi ne abu mafi daraja da kika samo a duk wahalar da kika sha, don haka kar ki cire hirar, kuma kar ki kuskura ki tsinci masu daɗi ki jefar da sauran. Na biyun ma ya fi na farko muni, domin matan nan 14 amana suka ba ki, suka buɗe miki abin da wataƙila ko 'yan uwansu ba su sani ba, in kika yanke maganarsu kika sa ta faɗi abin da ba su faɗa ba kin yi musu ƙarya kin yi wa ilimi ƙarya, kuma a dokar bincike ma ɓoye sakamakon da bai yi miki daɗi ba laifi ne da ake hukunta mutum a kansa.

Amma kafin ki ɗauki saɓanin nan ki kai gaban kowa sai kin tabbatar na gaske ne, ba kuskure ne ya haife shi ba, kuma wannan aikin yini biyu ne kacal. Ki fara buɗe SPSS ɗinki ki duba tambaya ta 4 da ta 7. A ma'aunin Hendrick waɗannan biyun a juye suke, ta 4 tana tambayar sau nawa mutum yake jin da ma bai shiga wannan zaman ba, ta 7 kuma tana tambayar yawan matsalolin da ke cikin zaman, kinga wadda ta zaɓi 5 a nan ai ba daɗi take ji ba, dole a juya makin kafin a tara, 5 ta koma 1, 4 ta koma 2, 3 ta tsaya inda take. Ɗalibai da yawa suna mantawa da wannan sai kwamfuta ta ƙara wa mai kuka maki kamar mai murna. In kin juya sai ki duba alfa ta Cronbach, wadda ke nuna ko tambayoyin suna tafiya tare, an saba karɓar 0.70 zuwa sama, in kika ga ta faɗi ƙasa warwas to akwai tambayar da ba a fahimta ba ko wadda ba a juya ba.

Sai ki dawo kan matan hirar, ya aka yi aka zaɓe su? Wannan tambayar ba ki amsa min ita a saƙonki ba kuma komai ya rataya a kanta. In a ƙarshen takardar kika rubuta "wadda ke son a yi hira da ita ta sa lambarta", to ki sani wadda abu ke ci a zuciya ita ce ta fi saurin sa lamba, wadda take zaune lafiya ba ta ga dalilin ɓata awa guda ba, sai ya zama 14 ɗin nan ba hoton 160 ba ne, wani ɓangare ne nasu. Hanyar ganewa ɗaya ce, in kin sa wa takardun lamba ki zaro takardun matan nan 14 ki ajiye kowace kusa da hirarta. In makinsu dama ƙasa yake da na sauran to babu wani saɓani, masu damuwa ne suka zo hira kuma haka za ki rubuta. In kuwa wadda ta ce miki zaman 'ya'ya take yi ita ce da hannunta ta zagaye 5 a kan gamsuwa, to nan ne kika taka abin da ya cancanci babi guda. In ba ki sa lamba ba shikenan, ba za ki iya haɗa mutum da takardarsa ba, sai ki kwatanta rukuni da rukuni ki faɗa a fili cewa wannan gazawa ce a aikin. Ki kuma sake karanta tambayoyin hirarki da idon baƙo, in kin buɗe da "wace irin matsala kike fuskanta da maigidanki" ai matsala za a ba ki, da kin ce "ba ni labarin zamanku" da wataƙila kin ji daɗin ma.

Yanzu mu ɗauka kin duba duka kuma saɓanin yana nan daram. Bari in ba ki abin da na gani da idona lokacin da nake nawa aikin, don shi ya buɗe min kai. Na shiga wani gida da hantsi, matar ba ta karatun boko sai na zauna ina karanto mata tambayoyin tana amsawa, a tsakar gida muke a kan tabarma, uwar mijinta tana gefe tana tsince wake a faranti kamar ba ta ji, abokiyar zamanta tana wanke-wanke a bakin rijiya. Duk abin da na tambaya sai ta ce "Alhamdulillah, ba abin da ya rage ni da shi", ni kuma ina ta zagaye 5. Da na zo tambayar nan ta yawan son da take wa mijinta sai ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya ta ce "kai malama", ba ta amsa ba, uwar mijin ta ɗago ta kalle ni. Da na tashi tafiya ta ce bari ta taka min, muna isa zaure ta riƙe hannuna ta rage murya ta faɗa min magana uku da ba sa cikin takardata ko kusa. Matar nan ba ƙarya ta yi min a tsakar gida ba, ta amsa tambayar da aka yi mata a inda aka yi mata ita, a gaban waɗanda aka yi mata. Abin da ta faɗa a zaure ban sa shi a rahotona ba saboda ba da sunan bincike ta faɗa min ba, ke ma ki kiyaye wannan, duk abin da aka gaya miki bayan kin kashe rikodin ba naki ba ne sai kin koma kin nemi izini.

To ki zauna ki tuna, matan nan naki 160 a ina suka cika takardar, wa ke zaune, wa ya karanto wa waɗanda ba sa iya karantawa, ko akwai waɗanda aka bar musu takarda a gida ta kwana wanda maigida zai iya ɗauka ya duba? Duk wannan bayani ne da ya kamata ya shiga babi na 3 na hanyar bincike, kuma shi ne zai taimake ki fassara abin da kika gani. Kar ki ɗauka halin mutanenmu ne kaɗai, masana sun daɗe da sanin mutane na gyara amsarsu don a gan su da kyau, Crowne da Marlowe sun fitar da ma'aunin gano wannan ɗabi'ar tun 1960, sannan a 1967 Edmonds ya yi rubutu a kan yadda ma'aurata a Amurka ke kwatanta aurensu da kyawun da ya wuce yadda zai yiwu. Mu kuma sai aka ƙara mana da rufin asiri, an raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mace ta tona sirrin ɗakinta ga baƙuwa mai biro da takarda ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar shi kansa ma'aunin, wadda nake so ki daɗe a kanta don nan ne za ki nuna ke ɗalibar saikoloji ce ba mai tara lamba kawai ba. Susan Hendrick ta fitar da shi a 1988 kuma a kan ɗaliban jami'a masu soyayya a Amurka aka gwada shi. Ma'auni ne mai kyau, gajere, an yi aiki da shi a ƙasashe da yawa, amma ki ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ki saurare su da kunnen matar da ta shekara 15 a ɗakinta. Tambaya ta 1 tana cewa yaya abokin zamanki yake biya miki bukatunki. Wace kalma kika sa? In "bukata" kika ce to abin da za ta ji shi ne ci da sha da sutura da kuɗin makarantar yara, in yana cefane kuwa 5 za ta ba shi da zuciya ɗaya ko da ya yi wata bai tambaye ta ya jikinta ba. Ta 3 tana cewa ki kwatanta zamanki da na yawancin mutane, sai ta tuna maƙwabciyarta da aka saka da goyo, ta tuna ƙanwarta da ake duka, ta ce ai ni sai godiya. Ta 4 kuwa, wato da-na-sanin shiga auren, ga macen da ta yarda aure ibada ne kuma ƙaddara ce ta haɗa su, ta ce tana da-na-sani kamar ta yi wa Ubangiji butulci ne, ba za ta zagaye ba ko da zuciyarta na tafasa. Kuma babu tambaya ko ɗaya a ciki da ta taɓo kishiya ko dangin miji ko zaman gidan yawa, alhali ina kyautata zaton rabin hirarki a kansu take. Ko babban ma'aunin Spanier na 1976 mai tambaya 32 da ake ji da shi, a ciki akwai tambayar ko kina sumbatar abokin zamanki, ki yi tunanin karanto wannan a gaban uwar miji.

Wannan ba laifinki ba ne kuma ba laifin Hendrick ba ne, abin da aka daɗe ana kuka da shi ne a fannin naku. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun saikoloji a 2008 ya tarar kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga Amurka suke, kinga kayan awon da aka ƙera a can sai an gwada su a nan kafin a ce sun auna daidai. Shi ya sa za a tambaye ki ya kika yi fassarar. In kin bi hanyar da Brislin ya bayyana a 1970, wato wani ya mayar Hausa wani daban da bai ga asalin ba ya sake mayarwa Turanci a kwatanta, to ki rubuta. In ke kaɗai kika fassara a ɗakinki ki rubuta hakan ma, ki sa Hausar gaba ɗaya a rataye a ƙarshen aikin kowa ya gani, ya fi a gano a ranar difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai.

Abin da nake tsoro gare ki guda ɗaya ne, kar zafin abin da kika ji ya sa ki rubuta cewa lambobin ƙarya ne hirar ce gaskiya. Ba ki da hujjar faɗin haka. Mai yiwuwa kunya ce da tsoron ido suka ɗaga makin. Mai yiwuwa kuma duka biyun gaskiya ne, mace ta gamsu da aurenta bisa ma'aunin da ita take aunawa da shi, an rufa mata asiri, ana mutunta iyayenta, 'ya'yanta na gabanta, kuma a lokaci guda tana kwana da kewar a zauna a yi hira da ita, zuciya ai tana ɗaukar abu biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin da ke yoyo a kusurwa ɗaya ba a ce ya rushe ba. Aikinki shi ne ki jera waɗannan fassarorin ki nuna wacce hujjarki ta fi goyon baya da kuma inda hujjar ta ƙare, da kalmomi irin "wannan na iya nuna" da "bayanan hirar sun karkata ga", ki guji "wannan ya tabbatar".

Babi na 4 da ya tsaya miki a wuya kashi uku za ki yi shi. Na farko lambobi zalla, su waye suka amsa, shekarunsu, shekarun aure, mace ɗaya ce ko da abokiyar zama, sai matsakaicin maki da yadda ya bazu da alfa. Kar ki tsaya a matsakaici kawai, ki nuna mutum nawa suka zaɓi kowace lamba a kowace tambaya don mai karatu ya ga da idonsa yadda aka cunkushe a sama, kuma ki faɗa cewa in kowa ya taru a 4 da 5 ma'aunin ya kasa bambance mutane, duk wata alaƙa da kika nema tsakaninsa da shekaru ko ilimi za ta fito da rauni. Ki ƙirga waɗanda suka tsallake tambayar so da ta da-na-sani, shirun ma bayani ne.

Na biyu jigogin hira. In hanyar Braun da Clarke ta 2006 ta fitar da jigogi daga hira kika bi ki faɗi matakanta 6 da yadda ke kika yi kowanne, ba ki kwafo su daga littafi ki liƙa ba. Jigo ba kan magana ba ne, "matsalar kuɗi" ba jigo ba ne, amma "cefane ya zama ma'aunin so" jigo ne don yana faɗin wani abu. Kowane jigo ki kawo maganar mace biyu ko uku da Hausarsu yadda suka faɗa sannan fassara a ƙasa, kuma kalmomi irin haƙuri da kunya da rufin asiri ki bar su da Hausa ki yi musu bayani sau ɗaya, don babu kalmar Turanci guda da za ta ɗauke su, haƙurin da ake yi wa amarya nasiha da shi daren kai ta ɗaki ya wuce jira kawai. Ki saurari yadda kowace ta yi amfani da kalmar, wata haƙurinta na lada ne tana alfahari da shi, wata na rashin mafita ne, in kika raba waɗannan biyun kin yi aikin da ba kowa ke yi ba. Kar ki mayar da mutum 14 kashi cikin ɗari, ki ce 9 daga cikin 14 ya wadatar. Kuma in akwai wadda ta ce ita kam lafiya lau take zaune har ta ba ki labarin alherin mijinta, dole ta fito a rahoton, kar ki yi wa hirar abin da aka ce ki yi wa lambobin. In tsarin APA, wato ƙa'idar rubutu ta ƙungiyar masana saikoloji ta Amurka, sashenku ke bi, maganar da ta kai kalma 40 ana ware ta a sakin layi nata ba tare da alamar zance ba, kuma maganar mahalarta bincikenki ba ta shiga jerin manazarta.

Na uku shi ne wanda ya mayar da aikin gauraye, kuma shi ne yawancin ɗalibai ba sa yi, sai ka ga rahoto biyu an ɗinke su a bango ɗaya ba su san juna ba. Ki zana jadawali mai gida huɗu, gida na farko tambayar ma'auni, na biyu abin da lamba ta nuna, na uku abin da matan suka ce a kan wannan batun, na huɗu hukuncinki, sun dace ne, ko hirar ta faɗaɗa lambar, ko sun saɓa. Waɗannan ukun Fetters da Curry da Creswell ne suka tsara su a 2013, kinga saɓani yana da gurbinsa a tsarin tun asali. Za ki yi mamaki in kin cika jadawalin ki ga ba ko'ina suka saɓa ba, wataƙila a kan biyan bukata sun dace tsaf, a kan so da kusanci ne suka rabu, kuma wannan ya fi "lambobi sun ce kaza hira ta ce kaza" ma'ana nesa ba kusa ba. A babi na 3 kuma ki kira tsarinki da sunansa yadda Creswell da Plano Clark suka kasa su, ko a lokaci ɗaya kika tara duka biyun, ko lamba ce ta fara sannan hira ta zo ta yi bayaninta. Ki faɗi wanda kika yi da gaske ba wanda ya fi daɗin ji ba. In an ce 14 sun yi kaɗan, akwai aikin Guest da Bunce da Johnson na 2006 da suka yi hira 60 da mata a Ghana da Najeriya suka ga yawancin jigogin sun riga sun fito a hira 12 na farko, sai dai matan nasu masu kama da juna ne, don haka ki kawo shi da wannan sharaɗin.

To sai malaminki. Ban san shi ba kuma ba zan yanke masa hukunci ba, da yawan malamanmu a kan lissafi aka horar da su, in suka ga abu biyu sun ƙi haɗuwa sai su ga kamar aibi ne da mai jarrabawa daga waje zai kama, wataƙila kare ki yake ƙoƙarin yi. Kar ki je masa da gardama kuma kar ki je hannu rabbana. Ki cika jadawalin nan a shafi ɗaya, ki buga shi, ki haɗa da takardar Greene da Caracelli da Graham ta 1989 inda suka lissafa dalilai 5 na haɗa hanya biyu, ɗaya daga ciki shi ne neman saɓani da abin da ya ci karo don a buɗe sabuwar tambaya. Ki gaishe shi yadda ya kamata ki ce "Malam na gwada wani abu ne nake so ka duba min ko ya yi, ina tsoron in na cire hirar za a tambaye ni ina ta shiga tunda taken da aka amince min da shi ya ce hanya biyu ne". Kin ba shi hanyar sauya ra'ayi ba tare da ya ji an kayar da shi ba. In ya dage a rage tsawon ɓangaren hira wannan hurumin sa ne ki rage, in ya ce a canza tsari ki canza. Inda ba za ki bi ba guda ɗaya ne, tsintar maganganu don su yi daidai da lamba, in abin ya kai nan ki nemi mai kula da karatun gaba da digiri na sashenku cikin ladabi ki nemi shawara, ba ƙara kika kai ba.

Amanar matan nan kuma don Allah ki riƙe ta da hannu biyu. Canza suna kaɗai ba ya isa a garin da kowa ya san kowa, in kika rubuta mace ta uku a gidan mai sayar da taya, 'ya'yanta 6, tana koyarwa a Islamiyya, kin faɗi sunanta kin gama. Ki dunƙule bayanan, shekaru ki sa tsakanin kaza da kaza, sana'ar miji ki cire in ba ta da amfani, ki tuna aikin nan zai zauna a laburare kuma watarana ɗan unguwarsu na iya buɗe shi. Rikodin ɗin kar ya zauna a wayar da ƙannenki ke ɗauka, kar ki tura shi ta WhatsApp, kar ki kai shagon buga takardu a rubuta miki, ki zauna ki rubuta da kanki ki kulle fayil ɗin da kalmar sirri, Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. In a cikinsu akwai wadda ta ambaci duka ko abin da ke barazana ga lafiyarta, ki koma gare ta ita kaɗai ba a gaban kowa ba, ki tambaye ta ko tana son a haɗa ta da wanda zai taimaka, kar ki yanke mata hukunci kuma kar ki kai maganar gidansu ba da saninta ba.

Na bar maganar bikinki a ƙarshe ba don ƙarama ba ce. Ƙanwata kin zauna kin sa abin ji a kunne kina maimaita kukan mata 14, kina tsayarwa kina komawa baya kina rubuta kowace kalma, awa da awanni, duk mai zuciya sai abin ya taɓa shi, masu irin wannan binciken da yawa suna fama da haka, ba rauni ba ne. Amma ki yi wa kanki adalcin da kike yi wa bayananki, ke da kanki yanzu kin san 14 ɗin nan wataƙila masu ciwo ne suka fi zuwa kuma tambayoyinki ciwon suka nema, ba za ki yarda wani ya yanke hukunci a kan duk auren garinku da su ba, to kar ki yanke wa naki. Abin da kika ji ki mayar da shi tambayoyin da za ki zauna ki yi da wanda za ki aura tun yanzu, ina za ku zauna, ya yake kallon aikinki da karatunki, in ransa ya ɓaci ya yake yi, shiru yake ko faɗa, ki ga yadda zai karɓi tambayar ma kanta. In tsoron ya wuce na rikodin, wato akwai abin da kika gani a tare da shi da ke damunki, wannan magana ce daban, ki same mahaifiyarki ko wata babba da kika yarda da ita tun kafin a fara rabon kati. Kar ki yi rubutun hira fiye da ɗaya a yini, in kin gama ki tashi ki fita tsakar gida cikin mutane. Kuma ki sa sakin layi ɗaya a babi na 3 ki faɗi ke wace ce a wannan binciken, budurwa mai shirin aure 'yar garin tana tambayar matan da suka girme ta, domin wannan ya shafi abin da suka faɗa miki da abin da suka ɓoye, wata ma wataƙila nasiha take miki ba amsa ba.

Sati 6 ya isa in kin fara yau. Yini biyu na dubawa, sati ɗaya na jadawali da ganin malam, sati biyu babi na 4, sati ɗaya babi na 5, sauran na gyara da bugu. Daren nan ki buɗe tambaya ta 4 da ta 7 tukuna, ki zaro takardun matan nan 14, in kin ga abin da ke ciki ki sake rubuto min in ji, ina jiranki. Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi biki lafiya.